Muryar Inna ba ta fita a rikodin, a taimaka min da setin ɗin 'yar MP3 ɗina

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Don Allah masu sanin harkar sauti ku zo ku fitar da ni. Ina da wata 'yar ƙaramar MP3, Sansa Clip+ ta SanDisk, irin mai maƙali a bayan nan da ba ta wuce kwalin ashana ba, yayana ne ya bar min ita kuma tun tana hannunsa ya sa mata Rockbox, wata manhaja da ake ɗora wa irin waɗannan na'urorin a madadin tasu ta asali. Da can karatu kawai nake saurare da ita a hanyar kasuwa, sai kwanan nan na gano ashe tana ɗaukar murya. To kakarmu wadda ta haifi babanmu, Inna muke ce mata, shekaru sun ja sosai, kuma wlh tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa da tarihin gidanmu da ke kanta babu wanda ya riƙe ko rabinsu a cikinmu, shi ne na ƙudurta sai na ɗauke su tun tana da ƙarfin ba da labari.

Daren shekaranjiya na gwada, na ajiye na'urar a kan durowa ita kuma tana kan tabarma da yara kewaye da ita, da na zo saurare fanka kawai nake ji da wani shuuuu, muryarta can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Jiya sai na ƙure geyin ɗin, wato ƙarfin da maik ke ɗaukar sauti da shi, har ƙarshe. Muryar ta ɗan taso, amma tana cewa ga ta nan ga ta nanku yara suka amsa ta zo mu ji ta, sai sautin ya fashe ƙarrr har kunne na ciwo, haka duk inda aka yi dariya ko ta yi tari. Kusan minti 50 na ɗauka, raina ya ɓaci sosai don jiyan ta ba da labarin auren kakanmu da ban taɓa ji ba. Me zan taɓa a setin ɗin? Kuma na jiyan zai gyaru?

Bazazzage:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Amma ɗan'uwa me ya kai ka wahala da na'urar 2009 alhali ga waya a aljihunka? Ka danna rikoda kawai ka huta

Mai Solda:
Wslm ƙanina, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Bari na fara da mai ɗacin: wuraren da suka fashe a na jiya ba za su dawo daidai ba. Sautin dijital yana da rufi, shi ne 0 desibel (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), duk abin da ya nemi wuce nan yanke masa kai ake yi, kuma abin da aka yanke ba a ajiye shi a ko'ina ba balle a maido. Akwai manhajojin da ke ɗan lallaɓa wurin ya rage kaushi amma cikon hasashe suke yi. Kar ka goge shi fa, maganarta tana nan a tsakanin fashewar, labarin auren nan ya fi ƙarfin a zubar.

Sannan ba geyin ne ciwonka ba, nisa ne. Daga durowar zuwa bakin Inna kamar taku nawa?

Ɗan Fagge:
Yallabai zai kai mita 2 gaskiya, ko ma ya ɗan fi. Kuma yanzu da ka tambaya na tuna fankar ta ƙasa ce, tana jikin durowar

Mai Solda:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Maik ba shi da hankalin da zai ware muryar kaka daga ta fanka, wanda ya fi kusa da shi shi yake ji. In ka ƙara geyin komai kake ƙarawa tare, fanka da yara da shuuu ɗin da ita kanta na'urar ke haifarwa a cikinta. Ƙa'idar ita ce duk sanda ka rage nisa da rabi, muryar na ƙaruwa da kusan desibel 6. Daga mita 2 zuwa 1, zuwa santimita 50, zuwa 25, sau uku kenan, wajen desibel 18 ka samu a kyauta ba ka taɓa madanni ko ɗaya ba, fanka kuma tana nan inda take ba ta ƙaru ba. A cikin ɗaki lissafin ba ya cika cif saboda bango na maido da sauti amma bambancin za ka ji shi da kunnenka. Ka kawo ta taƙi ɗaya ko kamu ɗaya daga bakinta, sannan ka sauke geyin.

Bazazzage:
Duk wannan lissafin waya ta yi maka shi da kanta Malam. Ni lakcocinmu duk da waya nake ɗauka kuma ras suke fita

Uwar Biyu:
Bazazzage lakca daban muryar tsohuwa daban. Malamin jami'a ɗaga murya yake yi don na baya su ji, ita kuwa tsohuwa wani lokacin kamar raɗa take magana musamman in ta zo wajen da ya taɓa mata zuciya. Ni na yi wannan aikin da gwaggon mamanmu kafin Allah ya karɓi abarsa, da waya na fara, muna tsakiyar labari kira ya shigo rikodin ya tsaya ban sani ba sai da muka gama. Na yi kuka ranar wlh. Kuma in ta ga waya a gabanta sai ta kame ta dinga gyara mayafi tana cewa hoto nake ɗaukarta, maganar ma sai ta koma ta baƙunta.

Bazazzage:
Allah ya jiƙanta Hajiya. Amma ai sai a sa yanayin jirgi kira ba zai shigo ba

Mai Solda:
Amin. Gaskiyarka a nan Bazazzage, kuma ban ce waya ba ta da kyau ba, wasu wayoyin yanzu maik ɗinsu ya fi na Clip+ nesa ba kusa ba. Inda nake da ja shi ne yawancin manhajar rikoda da ke zuwa da waya ita ke yanke maka hukunci, tana ɗaga sauti tana saukewa da kanta, wasu kuma suna tace abin da suka ɗauka hayaniya ce, to amshin yara da tafi da ƙarar turmi duk a wajenta hayaniya ne, mu kuma a wajenmu su ne rabin tatsuniyar. A Rockbox kai ke riƙe da linzami, kana ganin mitar sauti da idonka. Tunda yana da ita a hannu ba sai ya sayi komai ba.

Ɗan Fagge:
Wace ce mitar Yallabai? Layukan nan biyu da ke tsalle in ana magana?

Mai Solda:
Su ne. In ka shiga shafin rikodin suna motsi tun kafin ka fara ɗauka, to da su za ka saita. Ka zaunar da Inna yadda za ta zauna, ka ce ta yi maka magana kamar kullum, ka dinga rage geyin har sai layin yana kaiwa kamar kashi biyu cikin uku zuwa uku cikin huɗu in ta ɗaga murya, mu muna cewa wajen -12. Sai ka ce yara su amsa ta zo mu ji ta da iya ƙarfinsu irin na jiya. In layin ya bugi ƙarshe ya bar alama a can, ka ƙara ragewa ko ka matsar da yaran baya kaɗan. Da abin da ya fi ƙara ake saita geyin, ba da wanda ya fi sanyi ba. Sautin da ya yi ƙasa kaɗan ana ɗaga shi a kwamfuta lafiya lau, bit 16 na da faɗin wajen desibel 96, akwai wuri. Wanda ya fashe kuwa shikenan.

Ɗan Damagaram:
Salam 'yan uwa, ina biye da ku daga nan Zinder. Ni tambayata mi ya sa ba zai kunna AGC ba, abin nan da ke ɗaga geyin ya sauke da kansa, ya huta da wannan taɓe-taɓen? Ina da iriver H320 tsohuwa da Rockbox a kanta, da ita nake ɗaukar tafsiri duk azumi, akwai AGC a ciki har kala-kala, akwai na murya mai sauri, akwai wanda aikinsa kawai ya rage in sauti zai fashe. Wannan na ƙarshen nake sawa kuma bai taɓa ba ni kunya ba

Mai Solda:
Sannu da zuwa mutanen Damagaram. H320 ai babbar yaya ce, ita da H120 har yau masu ɗaukar sauti na neman su saboda suna da ramin layin-in na gaske. Amma ba kowace na'ura mai Rockbox ce ke nuna AGC ba, sai ya duba tasa. Ko da akwai, mai saurin nan ban ba shi shawara ba a wannan aikin. Tsofaffi suna yin shiru a tsakiyar magana, su yi tunani, su tauna goro, to a wannan shirun AGC sai ya ɗauka sauti ya yi ƙasa ya jawo geyin sama, fanka da kukan gyare su taso huuu, tana buɗe baki kuma ya danne kalmar farko. Haka za ka ji rikodin ɗin na numfashi sama da ƙasa har ƙarshe. Wanda kake sawa ɗin mai ragewa kawai, shi ba laifi.

Ɗan Damagaram:
Haka ne, na lura da wannan numfashin lokacin da na gwada na murya a zaure. Ni a masallaci ma ba da maik nake ɗauka ba, waya nake ja daga amfilifaya zuwa layin-in, ramin da ke karɓar sauti kai tsaye ta waya, in zaɓi layin-in a wajen da ake zaɓen mashigar sauti, sai muryar malam da ta alaramma su shigo tas babu amsa-kuwwar lasifika babu tarin mutane. Abin da ya taɓa wahal da ni guda ne, in kuran ya ɗauke aka tada janareta sai wani huuum ya shiga, daga baya na gane sai in na jona ta a caji tana ɗauka ne yake yi, da na cire caja na bar ta a batir ya tafi

Mai Solda:
Wannan huuum ɗin na wutar lantarki ne, haz 50 take kaɗawa a Najeriya da Nijar duka, ga kuma ƙazantar ƙananan cajojin nan masu arha. Ɗan Fagge ka riƙe wannan, ka cika batir tun da rana, kar ka ɗauka tana jone. Kuma wayoyin mutanen ɗakin su yi nesa da ita, ka san dit-dirit-dirit ɗin nan da rediyo ke yi in kira zai shigo, yana shiga rikodin shi ma.

Malamar Laburare:
Assalamu alaikum. Ban cika magana a gidan nan ba amma wannan ya shafi aikina. Ɗan Fagge a wane fomat ka ɗauki na jiya da shekaranjiya?

Ɗan Fagge:
Anti na duba yanzu, MP3 ne, an sa 64, sitiriyo. Yadda na same ta kenan ban taɓa ba

Malamar Laburare:
To don Allah ka mayar da shi WAV, a Rockbox za ka ga an rubuta PCM Wave. MP3 zubar da wani sashe na sautin yake yi don fayil ya ƙanƙance, kuma in ka buɗe shi ka gyara ka sake ajiyewa a MP3 ya sake zubar da wani, kamar hoton takarda ne da ake ta yi wa kwafi daga kwafi. Abin da kake ɗauka ba na sati ɗaya ba ne, jikokinka za su so su ji shi. Ƙungiyar ma'ajiyar sauti ta duniya, IASA, mafi ƙarancin abin da take ba da shawara don adanawa shi ne WAV mai kilohaz 48 da bit 24. 'Yar na'urarka ba za ta kai bit 24 ba, ba komai, amma aƙalla ka ba ta iya abin da za ta iya. Uwar fayil ta zauna a WAV ba a taɓa ta, in za ka raba wa dangi sai ka cire musu kwafin MP3 daga jikinta.

Bazazzage:
Anti WAV fa cin wuri gare shi kamar me. Murya ce kawai ba kiɗa ba, MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa wa zai iya bambancewa da kunne? Ni na yarda da maganar matsowa kusa amma wannan kam ƙari ne

Malamar Laburare:
A saurare na farko da ƙyar ka bambance, ban musa ba. Sai an zo gyara ake gane bambancin, in ka ɗaga muryar da ta yi ƙasa a MP3 sai ka ji wani ruwa-ruwa yana bin bayan kalmomi. Kuma mu yi lissafin wurin mana. WAV mai 44.1 da bit 16 a sitiriyo, irin na faifan CD, yana cin wajen MB 10 a minti, awa ɗaya MB 635. A mono, wato layi ɗaya maimakon biyu na sitiriyo, rabi ne, kamar MB 318 a awa. Memori mai giga 8 zai ɗauki wajen awa 25 kenan. Inna za ta yi awa 25 tana ba da labari kafin ya samu ya juye a kwamfuta?

Bazazzage:
A mono kam lissafin ya yi sauƙi. MP3 mai 128 dai MB 58 ne a awa, mai 64 kuma 29, don mai ƙaramin memori ya sani

Mai Solda:
Duk ku biyun kuna kan hanya. Wanda wuri ya matse wa ya sa MP3 amma a mono kuma kar ya sauka ƙasa da 96 ko 128 in abin ajiyewa ne. Akwai ma tsaka-tsaki a Rockbox, WavPack, yana matse fayil ba tare da ya zubar da komai ba, sai dai ba kowace waya ce ke buɗe shi ba, shi ya sa ga wanda bai saba ba WAV ya fi kwanciyar hankali.

Maganar sitiriyo kuwa, Clip+ maik ɗaya gare ta, ɗan ramin nan guda. In ka sa sitiriyo abu ɗaya take rubutawa sau biyu, hagu da dama, ka ninka fayil a banza. A MP3 mai 64 ɗin da ka yi jiya ma ya fi muni don ɗan abin da ke akwai ne aka raba wa layi biyu. Mono kawai.

Ɗan Fagge:
Na mayar PCM Wave, na sa mono. Saura firikwensi, lambobi ne da yawa a wurin, wanne zan ɗauka?

Mai Solda:
Wannan lambar sau nawa na'urar ke auna sauti a daƙiƙa ɗaya take nufi, kuma rabin lambar shi ne iyakar siririn sautin da za ta kama. Kiran waya irin na da kilohaz 8 ne, shi ya sa a waya sa da fa suke rikicewa har sai ka ce a maimaita. 22.05 tana kama har wajen 11, ta ishi magana. In ka ga 44.1 a jerin naka ka ɗauke ta tunda akwai waƙa a ciki, in kuma wata rana za ka haɗa da bidiyo 48 ce tasu. Kar dai ka sauka 8 ko 11, muryar za ta toshe kamar an rufe ta da bargo.

Uwar Biyu:
Ni ba na jin lambobin nan sosai amma bari na faɗa maka abin da na gani da idona. Kar ka maƙala mata a mayafi duk da tana da maƙali, na yi haka da wani ɗan maik, duk motsin da ta yi sai ka ji fuuu fuuu na yadi, ga carbi a hannunta ƙas ƙas ƙas har ƙarshe ya fi muryar fita. Abin da ya yi min shi ne na ɗora filo a kan 'yar kujera ta tsugunno a gefenta, na ninke ɗankwali na ɗora na'urar a kai, ramin maik ɗin na kallon bakinta amma ta ɗan gefe, don in yana saitin baki sosai duk fa da ba sai iska ta buga bum. Bayan minti biyar ta manta da shi ma. Kuma ɗakin da ke da katifa da labule da kayan sawa a rataye ya fi falo mai tayil, falo amsawa yake yi.

Sannan ka gaya mata kana ɗauka, kar ka yi a ɓoye. Akwai maganar da za ta faɗa maka a matsayin jikanta wadda ba ta so ta zaga dangi a WhatsApp, musamman ta aure da kishi da rabon gado. Gwaggo takan ce min kashe abin nan tukuna, in kashe, in ta gama ta ce kunna.

Ɗan Fagge:
Hajiya na gode wlh, ta sani, har tsokanata take wai na zama ɗan jarida. Amma maganar kar a yaɗa ban yi tunaninta ba, zan tambaye ta ɗaya bayan ɗaya. Fankar fa? Zafi ake yi sosai, in na kashe ba za ta iya zama ba

Uwar Biyu:
Ka mayar da ita can ƙarshen ɗaki a lamba ɗaya, kar iskar ta bi ta kan na'urar. Ko ku yi da safe bayan ta karya kafin rana ta ɗaga, lokacin ma ta fi ƙarfi kuma ba a tada janareta a unguwa ba. Tatsuniya dai a bar ta da dare kar ta ce maka za ku ɓata

Sabon Shiga:
Slm don Allah a gafarce ni na shigo tsakiya, tawa ba Sansa ba ce, irin ƙananan nan ce marasa suna da ake sayarwa a kasuwa, a wajen rikodin ta rubuta 512, 768, 1024, 1536 sannan akwai wani VOR a ƙasa, na kunna shi sai na ga karatun malam yana tsallake farkon kalmomi. Lalacewa ta yi?

Mai Solda:
Lafiyarta ƙalau. VOR ɗin ne, aikinsa ya dakata in an yi shiru ya ci gaba in ya ji murya, to kafin ya farga an riga an faɗi harafin farko, in malam ya yi ƙasa da murya ma sai ya ɗauka shiru ne ya tsallake jimla guda. Kashe shi. Lambobin kuma nauyin WAV ne a daƙiƙa, 1536 shi ne 48 sau 16 sau 2, wato kilohaz 48, bit 16, layi biyu. Babbar lamba ba ta mayar da ƙaramin maik babba ba, ka gwada 768 da 1536 minti ɗaya-ɗaya ka saurara da iyafis, in ba ka ji bambanci ba ka zauna a ƙaramar.

Ɗan Fagge kai ma akwai irinsa a Rockbox, tiriga suke ce masa, bar shi a kashe. Wanda za ka kunna shi ne firi-rikod, yana kaiwa har daƙiƙa 30. Muddin kana kan shafin rikodin na'urar na riƙe da abin da ya wuce na 'yan daƙiƙun nan, in Inna ta fara waƙa ba shiri ka danna, farkon waƙar na ciki. Tsofaffi ba sa jiran a ce musu bismillah an kunna, abin na zuwa musu ne kawai.

Ɗan Damagaram:
Wannan firi-rikod ɗin ya cece ni ba sau ɗaya ba a wajen tafsiri. In ƙara da rarraba fayil, ni na sa ta yanke duk minti 30 ta buɗe sabo da kanta, in batir ya mutu ko wani abu ya faru guntu ɗaya ne ke cikin haɗari ba zaman duka ba. Dama memori mai tsarin ajiya na FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. Kuma a kula da memorin jabu, na taɓa sayen wani a tasha an rubuta 32 a jiki, ya cika a wajen giga 4 ya dinga cinye na farko, kwana shida na azumi suka tafi haka nan. Yanzu duk wanda na saya sai na cika shi da fayiloli a kwamfuta na buɗe su ɗaya-ɗaya kafin in yarda da shi

Sabon Shiga:
Na gode Malam. Ni ma zan iya sa Rockbox ɗin a tawa?

Mai Solda:
A'a, sai na'urorin da aka yi shi dominsu, akwai jerinsu a shafinsu. Ko a gidan SanDisk ma Clip+ da Clip Zip da Fuze yana hawa, amma Clip Sport da Clip Jam ba ya hawa don cikinsu daban ne. Kar ka gwada cusa shi a wata ka kashe abarka.

Admin:
Na cire tallan da wani ya liƙo na sayar da iyafis, a yi haƙuri, ranar Asabar ce ta talla. A ci gaba, ni ma karatu nake ɗauka.

Ɗan Fagge:
Jama'a barkanmu da safiya, na dawo da rahoto. Jiya bayan isha'i muka zauna a ɗakinta. WAV, mono, 44.1, firi-rikod 30, yankewa duk minti 30. Na yi yadda Hajiya ta ce, filo a kan kujera, ɗankwalin ƙanwata a ninke, kamar kamu ɗaya daga bakinta, fanka can bakin ƙofa. Na sa yara suka amsa sau uku ina rage geyin har layin ya daina bugun ƙarshe, na koma ƙasa da rabin inda na ƙure shi shekaranjiya, sai da gabana ya faɗi don gani nake kamar ba zai ɗauki komai ba. Na ɗauki minti ɗaya na gwaji na sa iyafis, wlh har numfashinta ina ji, har ɗan ƙas ɗin goro a haƙorinta. Ta yi ta Gizo da Ƙoƙi guda biyu, ta rufe da ƙurunƙus kan ɗan ɓera yara suka kwashe da dariya kuma bai fashe ba ko sau ɗaya.

Da muka gama na sa mata iyafis ɗin a kunne. Ta yi shiru tana ji, can sai ta ce wannan ai muryar yayarta ce, wadda ta rasu tun ban zo duniya ba, wai haka take magana sak. Ta sa na maimaita mata sau biyu. Kuma ta yarda za ta sake ba ni labarin auren, amma ta ce wannan na gida ne kar ya fita.

Abu ɗaya, in na kunna a lasifikar waya sautin ya ɗan yi ƙasa sai na ƙure murya

Malamar Laburare:
Alhamdulillah, har na ji ƙwalla. Ƙasan nan ba matsala ba ce, haka ake so uwar fayil ta kasance. Ka samu Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta, kyauta ce, ka buɗe kwafi ba uwar ba, ka yi nomalayiz zuwa -1, wato ta ɗaga sautin har dab da rufin nan na 0, sai ka fitar da MP3 na rabawa. Tana da abin rage shuuu, tana buƙatar wurin da babu magana ta ɗauki samfuri, saboda haka kowane zama ka bar daƙiƙa 10 na shiru a farko, kuma kar ka cika hannu wajen ragewar don muryar sai ta koma kamar ta cikin gwangwani. Yau ɗin nan ka juye fayilolin wuri biyu, kwamfuta da wani filash da zai kwana a wani gidan. Sunan fayil ka sa shekara da wata da rana da abin da ke ciki, kuma a farkon kowane rikodin ka faɗa da bakinka yau ranar kaza, a wuri kaza, wance ce ke magana, don suna na iya gogewa amma wannan yana cikin sautin. In za ka tura wa wani a WhatsApp ka tura a matsayin dokumen ya isa yadda yake.

Bazazzage:
Masha Allah. Na ɗauki na filo da ɗankwalin nan, zan gwada da wayata a wajen kakana ranar Juma'a in na je Zariya, shi maƙeri ne yana da kirarin maƙera da yawa a ka. Mai Solda akwai manhajar waya da ke barin mutum ya riƙe geyin da kansa ya ɗauka a WAV?

Mai Solda:
Akwai su da dama, ka duba wadda ke nuna mita kuma take barin a kashe tace hayaniya da AGC, ka gwada ta a gida kafin ka hau mota. In zai yi kirarin yana bugun maƙera ka saita geyin da bugun guduma.

Ɗan Fagge:
Yauwa wannan ta tuna min, ta ce jibi za ta yi min waƙoƙin daka, amma wai ba ta iya yinsu a zaune haka kawai sai ana daka tana jin lugude, to ƙannena mata biyu za su daka gero a tsakar gida ita tana kan kujera a gefe. Nan kuma ya zan yi, turmin ai zai fi yaran jiya ƙara

Mai Solda:
Zai fi su, kuma ta ƙasa bugun ke biyowa, in kujerar da ka ɗora na'urar na kusa da turmi za ka ji dum dum a cikin rikodin ko da geyin na ƙasa. Ka ninka filon biyu. Inna ta zauna kamar taku biyar ko shida daga turmin, na'urar a kamu ɗaya daga bakinta, ramin maik na kallonta turmi na bayansa. Su yi lugude mai ƙarfi na gwaji kana kallon mita kafin ta fara. Tunda a waje ne ka yanko ɗan soso ka rufa a kan ramin saboda iska, ka ɗaure da roba amma kar ka matse.

Uwar Biyu:
Ka kore kaji daga tsakar gidan tun kafin a zuba geron, in ba haka ba su za ka ɗauka. Ka gaishe min da Inna da kyau